Yadda Ake Warware Kub ɗin Rubik da Sauri, da Lissafin da ke Ƙarƙashinsa

Kub ɗin Rubik, ɗan akwatin nan mai launi shida da ake murɗawa, yana da yanayi 43,252,003,274,489,856,000 da zai iya shiga, kuma ɗaya ne tak a cikinsu daidai. Wanda ya ce zai yi ta juya shi da ka har Allah Ya sa ya dace, ko da yana ganin sabon yanayi a kowane sakan, zai shafe fiye da shekara tiriliyan ɗaya bai gama zagayawa ba. Shi kansa Ernő Rubik, malamin zanen gine-gine ɗan ƙasar Hungari da ya ƙera shi a Budapest a 1974, sai da ya yi kusan wata guda kafin ya iya mayar da shi yadda yake. Amma a gasar duniya ta farko, a 1982, Minh Thai ya gama a sakan 22.95, kuma a watan Yuni na 2023 Max Park na Amurka ya yi a sakan 3.13.

Matasanmu na Damagaram da ke kallon bidiyon waɗannan mutane a salula, suna zaune a fada ana jiran shayi ya nuna, yawanci sukan ce ai saurin yatsu ne. Yatsu na da rabonsu, amma su ne na ƙarshe a layi. Abin da ke rage lokaci shi ne ka san abin da kowane juyi ke taɓawa da abin da yake bari, ka daina juyin banza, ka daina tsayawa kana lalube. Wannan kuwa lissafi ne, irin wanda ɗan kwalej zai gane. Ɗauko kub ɗinka ka riƙe, don karanta wannan hannu sake ɓata lokaci ne.

Fara da sanin abin da kake riƙe da shi

Sabon shiga yana ganin ƴan murabba'ai 54 masu launi, sai ya yi ta ƙoƙarin tara farare waje guda. Daina kallon launi, kalli ƙwaya. Ƙwayoyin da ake gani 26 ne, iri uku. Akwai cibiya shida, ɗaya a tsakiyar kowace fuska, mai launi ɗaya. Akwai ƙwayoyin gefe 12 masu launi biyu. Akwai na kusurwa takwas masu launi uku. Ta gefe ba za ta taɓa zama a gidan ta kusurwa ba, cibiya kuma ba ta barin wurinta, sai dai ta juya a inda take. Saboda haka cibiya ce ke faɗa maka launin fuska. A galibin waɗanda ake sayarwa, fari na bayan rawaya, ja na bayan ruwan goro, shuɗi na bayan tsanwa. Ƙwayar da ke da fari da ja gida ɗaya gare ta a duniya: tsakanin farar cibiya da ja.

Sai harufan juyi, waɗanda masanin lissafi David Singmaster ya yaɗa kuma duniya ta karɓa. R fuskar dama ce, L ta hagu, U ta sama, D ta ƙasa, F wadda ke kallonka. Harafi shi kaɗai yana nufin ka juya wannan fuska kwata, yadda hannun agogo ke tafiya idan kana kallonta ido da ido. In da ɗan waƙafi a kansa, kamar R', ka juya ta akasin haka. In da 2, kamar U2, rabin zagaye ke nan. A yi hattara da abu ɗaya da ke ruɗa ƴan nan ƙasar: wasu bayanai na Faransanci suna amfani da nasu harufan, inda D ke nufin dama, B kuma ƙasa. Wanda ya gauraya tsarin biyu zai yi ta zargin hannunsa alhali harafi ne ya yaudare shi.

Ƙa'ida ta farko da za ka riƙe ita ce ta warwara. Don ka soke R sannan U, sai ka yi U' sannan R'. Na ƙarshe shi ake fara kwancewa. Kuma R U daban yake da U R. Gwada ka gani. A tarawa, 3 da 5 daidai yake da 5 da 3, amma a nan wanda ya riga shi ke canza sakamako. Duk dabarun da ke tafe daga wannan bambancin suka fito. Reshen lissafin da ke nazarin irin wannan shi ne nazarin rukuni, wanda wani matashi Bafaranshe, Évariste Galois, ya aza harsashinsa kafin ya rasu a 1832 yana da shekara 20.

Juyi huɗu da za su ɗauke ka har ƙarshe

Kafin ka rikita kub ɗin, in sabo ne, yi wannan: R U R' U'. Dama ta hau, sama ta juya, dama ta sauko, sama ta koma. Bari mu kira shi ƴar huɗu. Duba da kyau abin da ya faru. Ka yi abu biyu ka kuma warware su, amma ba a jerin da zai soke su ba, don haka duk ƙwayar da fuska ɗaya kaɗai ta shafa, nesa da mahaɗar fuskokin biyu, ta koma gidanta. Ƙwaya bakwai kawai suka motsa: na gefe uku da na kusurwa huɗu. Sauran 19 suna nan daram.

Yanzu maimaita ta sau shida. Kub ɗin zai dawo daidai, kamar ba a taɓa shi ba. Dalili: na gefen nan uku suna zagaya gidajen juna, don haka duk juyi uku sun dawo. Na kusurwa suna musaya biyu-biyu. Bayan sau biyu sun koma gida amma a murɗe, kuma murɗa uku ce ke cika zagaye, biyu sau uku shida ke nan. Ƙaramar lambar da 3 da 6 duk ke raba ta ita ce 6, wato PPCM ɗin nan da ake yi a kwalej ana tambayar amfaninsa. Mai haƙuri ya gwada R U kaɗai: sai an yi ta sau 105, domin na gefe suna dawowa bayan 7, na kusurwa bayan 15. Kowane jerin juyi, komai tsawonsa, in aka yi ta maimaita shi zai dawo da kub inda ya faro, kuma ba wanda ke wuce sau 1,260.

Neman doka a cikin gidajen murabba'i ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ta bin ƙa'ida maimakon gwaji.

Kada ka wuce nan sai ƴar huɗu ta zauna a hannunka. R da R' da wuyan hannun dama ake yinsu, U da manunin dama ake turo ta daga baya, U' da manunin hagu. Kada ka saki kub ɗin ka sake kamawa.

Mataki na 1: farar alamar tarawa

Sa rawayar cibiya a sama. Kawo ƙwayoyin gefe huɗu masu fari su kewaye ta, farin yana kallon sama. Wannan ba ya buƙatar hadda, sai lura: kafin ka ɗago wata ƙwaya, juya U don gidan da za ta shiga ya zama babu fari a ciki. In sun cika huɗu, ɗauki ɗaya, dubi launinta na biyu, juya U har wannan launi ya haɗu da cibiyarsa, sannan ka juya fuskar rabin zagaye ta sauka ƙasa. Haka za ka yi wa duka huɗun. Ka samu alamar + fara a ƙasa, kowane hannunta ya dace da cibiyar da ke gefensa. Daga yanzu fari na ƙasa, kuma a can zai zauna.

Mataki na 2: farare na kusurwa

Nemi ƙwayar kusurwa mai fari a hawan sama. A ce fari, ja da shuɗi gare ta. Juya U har ta tsaya tsakanin jar cibiya da shuɗiya, ka riƙe kub ɗin ta yadda tana sama, gaba, dama. Gidanta na ƙarƙashinta kai tsaye. Yi ƴar huɗu har ta shiga farinta na kallon ƙasa. In farin na kallon dama, sau ɗaya ne. In yana kallon sama, sau uku. In yana kallonka, sau biyar.

Nan ne lissafi ke fara biyanka. Tunda shida na dawo da kai sifiri, biyar gaba daidai yake da ɗaya baya. Maimakon juyi 20, yi ƴar huɗu a juye sau ɗaya: U R U' R'. Juyi huɗu, aiki ɗaya, ka tsira da 16. In kuma ƙwayar tana ƙasa a gidan da ba nata ba, ko a nata amma a murɗe, sa ta gaba dama ka yi ƴar huɗu sau ɗaya ta fito sama, sannan ka bi da ita yadda aka faɗa.

Mataki na 3: hawan tsakiya

A hawan sama nemi ƙwayar gefe da ba ta da rawaya. Juya U har launinta na gefe ya haɗu da cibiyarsa, ka fuskanci wannan cibiya. Dubi launin da ke samanta. In na cibiyar dama ne, yi U R U' R' U' F' U F. In na hagu ne, yi U' L' U L U F U' F'. Kada tsawon ya ba ka tsoro, raba shi biyu ka gani: kowane rabi yi-yi-warware-warware ne, ɗan uwan ƴar huɗu. Rabin farko yana fito da farar kusurwa ya haɗa ta da ta gefen, rabi na biyu ya mayar da su gida tare. Na hagun kuma hoton madubi ne na na daman. In duk na saman suna da rawaya amma tsakiya ba ta cika ba, to wata ta maƙale a gidan da ba nata ba. Sa kowace ƙwaya a wurin da ɗayan jerin, ita za ta fito.

Mataki na 4: rawayar alamar tarawa

Kalli sama, ka ƙyale kusurwoyi. Ƙirga na gefe da rawayarsu ke kallon sama. Za ka samu sifiri, ko biyu, ko huɗu. Ɗaya ko uku ba za su taɓa fitowa ba, domin kowane juyi adadin da ake iya rabawa biyu yake kifarwa.

Jerin shi ne F R U R' U' F'. Dube shi: ƴar huɗu ce a tsakiya, F ta buɗe mata hanya, F' ta rufe. Kamar mai shigar da buhun hatsi gida a lungunan Birni ne, babur ya tare bakin zaure: ya janye babur, ya shigar da buhu, ya mayar da babur mazauninsa. Shiri, aiki, mayarwa. Da wannan tsarin ake ɗaukar dabara ɗaya a kai ta wurin da ba a ƙirƙire ta dominsa ba.

In biyun sun yi miƙaƙƙen layi, kwantar da shi daga hagu zuwa dama ka yi jerin sau ɗaya. In sun yi kwana, sa su baya da hagu ka yi sau biyu. A nan ma akwai ragi: F' ta ƙarshen na farko da F ta farkon na biyu suna cinye juna, sai ka yi F, ƴar huɗu sau biyu, F'. Har ma da ƙari, tunda na gefe kan dawo bayan uku, biyu gaba ɗaya baya ne: F U R U' R' F' ta gama aikin da juyi shida. In babu ko ɗaya, yi jerin sau ɗaya, kwana za ta fito.

Mataki na 5 da na 6: kowa gidansa

Juya U har aƙalla biyu daga hannayen alamar sun dace da cibiyoyinsu. In maƙwabta ne, sa su baya da dama, ka yi R U R' U R U2 R' U. In suna fuskantar juna, yi jerin daga ko'ina sannan ka sake dubawa.

Sai kusurwoyi. Ba ruwanka da inda rawaya ke kallo tukuna. Tambayar ita ce ko ƙwayar na tsakanin launukanta uku. Za ka tarar ɗaya ce a gida, ko babu, ko duka huɗu. Biyu a gida biyu a musaye ba ya yiwuwa, in har na gefe sun daidaita. In ɗaya ce, sa ta sama, gaba, dama, ka yi U R U' L' U R' U' L, sau ɗaya ko sau biyu. In babu, yi shi daga ko'ina, ɗaya za ta samu. Wannan jerin ya cancanci a tsaya a kalle shi. U R U' abu ɗaya ne, L' abu na biyu, U R' U' warwarar na farko, L warwarar na biyu. Ƴar huɗu ce ta sake shiga, kuma tana da tsabta ƙwarai: kusurwa uku kawai take taɓawa a duk kub ɗin.

Mataki na 7: inda mutane ke firgita

Kifa kub ɗin, rawaya ta koma ƙasa. Sa kusurwar da ke murɗe a ƙasa, gaba, dama. Yi ƴar huɗu sau biyu ko sau huɗu, har rawayarta ta kalli ƙasa. Saman zai hargitse, duk aikin da ka yi zai zama kamar ya lalace. Kada ka juya kub ɗin a hannunka, kada ka gyara komai. D kaɗai za ka juya, ka kawo wata murɗaɗɗiyar kusurwa wannan gidan, ka ci gaba. Kuma ka cika kowace ƴar huɗu har U' ta ƙarshe. Mantawa da ita ne ke rusa aikin galibin masu koyo, don da sun ga rawaya ta sauka sai su tsaya.

Me ya sa saman ke dawowa? Ƙirga. In kusurwa biyu ne, ɗaya za ta ci biyu ɗaya huɗu, shida. In uku ne, biyu-biyu ko huɗu-huɗu, shida ko 12. In huɗu ne, 12. Kullum ninkin shida ne, shida kuma sifiri ce ga hawan sama. Juya D ta ƙarshe, ka gama.

In kusurwa ɗaya tak ta ƙi

Na taɓa ganin haka a wata fada a Garin Malam. Wani ɗan lise ya miƙo mini nasa, komai daidai sai kusurwa ɗaya da rawayarta ke kallon gefe, gumi ya sa launukan sun fara dushewa don yawan juyi.

"Malam, wannan ya gagare ni. Duk abin da aka ce na yi."

"Ya taɓa faɗuwa?"

"Ƙanena ya yar da shi ya watse, yayanmu ya harhaɗa."

"To ba laifinka ba ne, samari. Ko zakaran duniya ba zai warware shi ba."

Na kama ƙwayar da yatsa biyu na murɗa ta a inda take, ta yi ƙara ta zauna.

Ga lissafin. Kusurwa takwas suna iya jeruwa ta hanya 40,320. Kowace na da murɗa uku, amma in bakwai suka zaɓa, ta takwas dole ce: 3 sau kanta bakwai, 2,187. Na gefe 12 suna jeruwa ta hanya 479,001,600, amma rabi kawai ke yiwuwa, 239,500,800, don ba a musayar ƙwaya biyu su kaɗai. Kifewarsu kuma 11 ke zaɓa, ta 12 ta bi: 2,048. Ninka huɗun nan, babbar lambar da muka fara da ita za ta fito. Dokoki uku ke nan, 3 sau 2 sau 2, wato 12. Wanda ya wargaza kub ya harhaɗa da ka, sau ɗaya cikin 12 ne zai samu mai warwaruwa. In za ka kwance naka, mayar da shi a daidai.

Kuma za ka kwance shi, don ƙurar hunturu a Zinder ba ta barin komai. In ya fara ƙara yana cijewa, ɓalle murfin cibiya ɗaya, sassauta sukurun, zare ƙwayoyin, wanke su da ruwa da sabulu, su bushe sarai a inuwa. Kada ka sa masa man gyaɗa ko basilin; na farko na kama ƙura ya yi danƙo, na biyu na cin roba. Man silikon ake sawa, ɗigo ɗaya ko biyu, in babu a bar shi haka.

Yanzu maganar sauri

Lokacinka abu biyu ne a haɗe: yawan juyi raba da saurin hannu, sannan a tara da tsayuwar da kake yi kana nema. Ɗauki misali. Hanyar da muka bi takan ci fiye da juyi 100. A ce 120, kana yin biyu a sakan: sakan 60. A ce kuma ka tsaya sau 20, kowace tsayuwa sakan biyu: 40. Jimla 100. Wanda ya matsa wa yatsunsa har suka kai uku a sakan ya sauko daga 100 zuwa 80, bayan wahala mai yawa. Wanda ya rage juyi zuwa 60 ya kuma raba tsayuwa biyu, da hannunsa na da, ya sauko zuwa 50. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da salula kana warwarewa, ka ƙirga naka lambobin. Galibi mutum kan sha mamakin yawan lokacin da hannunsa ke tsaye cik.

A watan Yuli na 2010, Tomas Rokicki, Herbert Kociemba, Morley Davidson da John Dethridge suka tabbatar, da kwamfutocin da Google ya ba su aro, cewa kowane yanayi na kub ana iya warware shi da juyi 20 ko ƙasa da haka. Abin sha'awa ne, amma kada ya ruɗe ka. Ba mai gasar sauri da ke neman wannan gajeriyar hanya, don nemanta ya fi bin doguwa cin lokaci. Galibinsu suna bin tsarin da ake kira CFOP (alamar tarawa, sai hawa biyu na ƙasa a haɗe, sai cika rawaya, sai jera hawan ƙarshe), wanda Jessica Fridrich ta yaɗa a intanet a 1997, mai cin juyi 55 zuwa 60. Ga yadda za ka ƙaura zuwa gare shi ba tare da ka zubar da abin da ka koya ba.

Fara da alamar tarawa. An tabbatar ba ta wuce juyi takwas a kowane yanayi. Dokar ƙungiyar gasa ta duniya, WCA, da aka kafa a 2004, tana ba mai gasa sakan 15 ya duba kafin ya fara. Daina bi ta rawayar cibiya, ka gina alamar kai tsaye a ƙasa. Zauna da kub a rikice, ka tsara juyin a ka komai daɗewa, sannan ka rufe ido ka yi. Da farko ƙwaya biyu za ka iya riƙewa, daga baya huɗun.

Sai ka haɗe mataki na 2 da na 3. Ka riga ka ga yadda jerin hawan tsakiya ke fito da kusurwar da ka sha wahalar sawa don ya haɗa ta da ta gefe. To me ya sa za ka sa ta tun farko? Haɗa su a sama, ka shigar da su tare: biyu-biyu sau huɗu maimakon ɗai-ɗai sau takwas. Yanayin da ake samu 41 ne, kuma ra'ayina kada ka haddace su. Dukkansu suna komawa ga guda biyu da ka sani, R U R' da U R U' R', da madubinsu na hagu. Sauran aikin shi ne ɓoye ƙwaya ɗaya, juya sama, fito da ita. Makonnin farko lokacinka zai ƙaru, kada ka koma tsohuwar hanya saboda haka. A nan ne kuma ake kashe tsayuwa: rage saurin hannu da gangan, ta yadda idonka zai bar biyun da kake sawa ya tafi neman na gaba. Juyi a hankali ba tsayawa ya fi gudu da birki.

Hawan ƙarshe shi ne wurin hadda, kuma lissafi ya faɗi iyakarta. Kifewar na gefe hanya 8 ce, murɗar kusurwa 27, ninkinsu 216. In aka cire waɗanda juya kub kawai ya bambanta su, 57 suka rage, ban da wanda ya zo a shirye. Jeruwar ƙwayoyi kuma 24 sau 24 raba biyu, 288, waɗanda ke taƙaituwa zuwa 21. Jimla 78. Daga nan kake gane cewa sau ɗaya cikin 216 rawaya za ta cika da kanta, sau ɗaya cikin 72 kuma jeruwar za ta zo a gyare. Kada ka faɗa wa 78 gaba ɗaya. Raba kowane mataki biyu: jeri 10 na cika rawaya, shida na jerawa, 16 ke nan, kuma uku daga ciki ka riga ka gamu da su a sama.

Abin da ka koya bai tsaya kan wannan kub ba. Mai hawa biyu kusurwoyi ne zalla, yanayinsa 3,674,160, kuma mataki na 2, na 6 da na 7 ne ginshiƙin warware shi. Mai fuska 12 da ake kira Megaminx ƴar huɗu ce dai ke aiki a kansa. Mai hawa huɗu shi ne ke da tarko: ba shi da cibiya tsayayya, kuma wani lokaci zai nuna maka abin da muka ce ba ya yiwuwa, kamar gefe ɗaya a kife, don abin da kake gani ƙwaya ɗaya a can biyu ne a manne.

Wajen auna kanka, kada ka dogara da sa'ar da ta zo sau ɗaya. Yi yadda ake yi a gasa: warware sau biyar, jefar da mafi sauri da mafi jinkiri, ɗauki matsakaicin ukun da suka rage, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Rikitawar ma kada ka yi ta da hannunka, don hannu na maimaita abin da ya saba. Manhajar auna lokaci a salula za ta ba ka jerin rikitawa. In matsakaicinka ya sauko ƙasa da minti ɗaya, shiga haɗa biyu-biyu da jeri 16 ɗin nan. In ya kusa sakan 30, ɗauki 21 na jerawa, biyu ko uku a mako. Guda 57 ɗin su jira sai waɗannan sun zauna.